Aikin Bas

Tudun Wada, Kaduna
Afrilu 2025

Zuwa ga Yaya Mu'awiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya zafin ƙasar Larabawa? Mu nan lafiya lau. Maigidana Abubakar Sadiq yana gaishe ka, yara ma haka.

Wataƙila sai ka yi tunani kafin ka gane ni. Ni ce Sabuwa, jikar Malam Hudu, yayan kakanka Malam Tanimu. Mun haɗu a Zariya lokacin rasuwar Innarka, Allah ya jiƙanta. Ni ce na kawo maka kunu ka ce in mayar, ba ka shan abu mai tsami. Gwaggo Mero, ƙanwar mahaifinka, ita ta ba ni lambarka. Ta ce ba ka ɗaukar waya, ba ka sauraren saƙon murya, amma in an rubuta a takarda an ɗauki hoto kana karantawa. To ga shi na rubuta.

Mahaifinka Baba Ilu yana gidana. Kafin azumi ɓarin jikinsa na dama ya shanye, a ɗakin da yake haya a Kakuri. Gidan Zariya kowa ya ce babu wuri, sai na ɗauko shi. Yana cin abinci, yana gane mutane, amma magana ta tafi. Kalma ɗaya ta rage masa: bas. In na kawo koko, bas. In baƙi sun zo dubiya, bas. Hannunsa na hagu kuma ba ya hutawa, yatsun suna ta tafiya a gefen katifa. Na ɗauka tasbihi yake, na sa masa carbi, ya ture.

Tunda kowa ya san aikin bas ya yi a Legas, muka ce kewar mota ce. Abubakar Sadiq ya sa shi a Keke ya kai shi tashar Kawo don ya ga motoci. Ko kallonsu bai yi ba. Shi ne na ce ko dai so yake wani ya hau bas ya zo.

Likita ya ce irin wannan ciwon yakan dawo, in ya dawo kuma ba ya sallama. Ban ce ka zo ba, Yaya. Na dai faɗa maka.

'Yar'uwarka,
Sabuwa

*

Al Qusais, Dubai
Afrilu

Malama Sabuwa,

Wa alaikumus salam. Na gane ki, har yanzu kuma ba na shan kunun tsamiya. Ina lafiya, in ban da bayana da ke min tsiya. A gaida Abubakar Sadiq. Ban san shi ba, amma wanda zai ɗauki tsohon da ba nasa ba ya kai shi tasha yawon buɗe ido ya cancanci gaisuwa.

Ba girman kai ke hana ni ɗaukar waya ba. Ɗakinmu gado ne a kan gado, ba inda mutum zai yi magana da danginsa ba a ji ba. Takarda kuwa a kan sitiyari nake rubuta ta, in ina jiran ma'aikatan otal su fito.

Ki lura da abin da na ce, sitiyari. Bas nake tuƙawa. Abin da na sani game da mutumin da ke gidanki jimla ɗaya ce: Ilu yana Legas yana aikin bas. Da ita Inna take ba maƙwabta amsa, da ita nake ba 'yan ajinmu amsa. Duk motar da ta shigo daga kudu sai na leƙa fuskar direbanta. Da na girma na koyi tuƙi, wai ko zan gano abin da ke cikin bas da ya fi mu daɗi. Na yi Zariya zuwa Kano, na yi Abuja, ga ni a Dubai da furfura. Ban gano ba. Kujera ce da ciwon baya.

Ranar jana'izar Inna ya zo ya tsaya a sahun baya kamar maƙwabci. Na gaishe shi kamar maƙwabci.

Bari in fassara miki kalmar tasa. A nan in Balarabe ya ce bas, ya isa yake nufi. Ana zuba masa shayi ya ɗaga hannu, bas. Ka dame shi da magana, bas, khalas, wato shi ke nan. Ina ganin tsohon ya fi ku gane inda aka kwana. Ni ma abin da na ce ke nan.

Zan riƙa aiko da abin magani, don kada nauyin ya danne ku. Kin yi abin da ni ban yi ba, ban kuma isa in raina shi ba. Hutuna sai Agusta, wurin iyalina a Zariya zan sauka. Jirginmu Kano yake ajiye mu, hanyar ba ta bi ta Kaduna.

Mu'awiya

Af. Hagu kika ce? Direba da dama yake sa giya. Hagu ba ta da wani aiki da yatsu. Me yake yi da su?

*

Al Qusais
Mayu

Malama Sabuwa,

Sallama da gaisuwa. Ya mai jiki? Ya ɗawainiya? Wannan takardar shafi uku ce, ki karanta a zaune.

Akwai wani mai gyaran AC a otal ɗin da nake kai wa ma'aikata, Jeremiah, mutumin Zonkwa. Shi ke zama a kujerar gaba, don duk motar mu biyu ne masu Hausa. Ina ce masa ɗan dutse, yana ce min Baba Zazzau. Ran nan mun maƙale a gosulo kan hanyar Deira, ina wani abu da hanci da na saba yi in raina ya ɓaci. Ba waƙa ba ce, ba ta da kalmomi. Dum, dudum, shiru, dum. Sai ya juyo.

"Baba Zazzau, maimaita."

"In maimaita me?"

"Abin nan da kake yi kamar janareta. Ina ka samo shi?"

Na ce a gida na samo. Gaskiya ce. Abu ɗaya nake tunawa da mutumin nan ya yi min: ya taɓa zuwa ina ƙarami, ya ɗora ni a cinya, ya miƙar da hannuna, yana danna min yatsunsa daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu yana yin wannan sautin da hanci. Na ɗauka wasan cakulkuli ne.

Jeremiah ya ciro waya ya kunna wani tsohon kiɗan Legas, irin wanda suke kira funk, na zamanin manyan wanduna. Wasu ne wai su Iddo Comets. Ƙahoni suna ihu, mawaƙi yana ihu da Turanci. A ƙarƙashin duk hayaniyar kuma, Sabuwa, ga abina. Har shirun da ke tsakiya. Na mance an ba mu hannu, sai da na baya suka cika titi da hon.

Ranar Lahadi bayan ya taso daga coci na bi shi ɗakinsa a Karama. Ya jawo wata doguwar jita mai tsirkiya huɗu masu kauri kamar wayar birki, ita yake kaɗawa a cocinsu. Na ce ya sunan wannan? Ya ce, "Bas." Na ce sake faɗa. Ya sake. Na nemi wuri na zauna.

Ga abin da ya koya min. A lokacin can akwai makaɗan haya. Mawaƙi zai yi faifai, sai a kira su situdiyo, su kaɗa, su tafi. Hoton mawaƙi ne a gaban kwali da gashinsa kamar kwando. A bayan kwalin wannan faifan an jera sunan kowa cikakke, sai layi ɗaya: bass, Mallam. Wasu faifan ma ko wannan babu. Akwai masu tara tsofaffin faifai a London da Japan da suka daɗe suna gardama a kansa, don sun gane hannu ɗaya ne a faifai da dama, na funk da na soul, mai sanyin nan da ake rawa a rungume. Suna ce masa Mallam Late. Na ce Allah ya jiƙansa. Jeremiah ya yi dariya har da buga cinya. Wai ba marigayi suke nufi ba, makara suke nufi. Mutumin ba ya sauka tare da mai ganga, sai ya bar shi ya buga, sannan ya biyo baya da ɗan ƙiris. Kamar wanda ke shiga sahu bayan liman ya yi kabbara, amma bai taɓa rasa raka'a ba. Wannan ɗan jinkirin shi ke sa ƙugu ya motsa. Jeremiah ya ce malaminsa a Kafanchan da wannan layin ya fara koya masa, bai kuma san na wane ne ba. 'Yan Filifin da ke kiɗa a otal ɗinmu suna saka shi. Yaran Amurka suna yanko shi su yi surutunsu a kai.

Sai ya ce bari ka ji. Ya murɗa sifika ya cire bas ɗin daga waƙar. Nan take ta koma kamar ana buga gwangwani.

"Ka gani, Baba Zazzau? Ba mai jin ɗan bas sai ranar da ya daina."

Na ce masa wannan kam na fi ka sani.

Ban ce shi ne ba. A Legas duk Bahaushe Mallam ne. Amma ki duba min kan yatsunsa na hagu, ko akwai kanta. In shi ne, to waɗancan masu gashin sun ci amanarsa, su da suna shi da Mallam. Na san irin wannan. Baƙon otal yana yaba farin zanen gado, bai taɓa tambayar wa ya kawo masu wankin da asuba ba.

Na sayi wata tsohuwar bas a hannun wani ɗan Filifin a Karama. Ta sha jiki, fentin ya koɗe, amma tana aiki. Na kai ta ofishin cargo a Al Khabaisi, za ta sauka Kano a ƙaraso muku da ita Kaduna. In ta iso ku kai ta gabansa ku ga abin da zai yi. Kada a bar yara su yi wasa da ita.

Mu'awiya

*

Tudun Wada
Mayu

Yaya Mu'awiya,

Assalamu alaikum. Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi, Allah ya raba ka da ciwon baya! Muna lafiya. Baba ya yi ɗan zazzaɓi amma da sauƙi.

Hotuna biyun farko sun ƙi buɗewa, wayata ta cika, sai juyawa suke. Na ƙarshen ne ya fito, shi kuma ya ishe mu. Yaya, bas sukutum! Na karanta wa Abubakar Sadiq, ya karɓe wayar ya karanta da kansa, ya fita ko hula bai sa ba. Yanzu haka ya sa an kwashe bulon da ke ƙofar gida an share wuri. Ya je Kawo ya yi magana da 'yan yuniyan, sun ce in takardun kwastan sun cika za su ba ta layin Zariya. Matan layinmu sun shigo barka har da guɗa.

Ya ce in tambaye ka: mai kujera nawa ce, kuma giyar hannu ce? Fenti ba matsala, akwai mai yi a Panteka. Batun kai ta gaban Baba kuwa, ƙofarmu ba za ta shiga ba, sai dai mu fito da shi a kujera. Yara na riga na ja musu kunne, ba mai hawa.

Na faɗa wa Baba cewa ɗanka ya saya maka bas. Ya daɗe yana kallona, sai ya ɗaga hannun hagun nan sama yana motsa yatsu. Ban taɓa ganin idonsa haka ba.

Da ka ce min bas, ya isa, na yi kuka ranar. Ashe zuciyarka ba haka take ba.

Sabuwa

*

Al Qusais
Yuni

Sabuwa,

Gaisuwa, da fatan zazzaɓin ya sauka. Ki goge hotunan biki da suka cika miki waya, ga shafuka biyun nan na sake turowa. Ki karanta kafin Abubakar Sadiq ya ɗauki kwandasta.

Ni da nake kwana a gadon sama, ƙafata a kan akwatina, ina zan samo mota? Da farko raina ya ɓaci. Daga baya na yi ta dariya ni kaɗai a mota har wata 'yar Nepal mai shara ta ƙwanƙwasa gilashi tana tambaya ko lafiya. Ashe abin gado ne a danginmu. Mutum ya faɗi gaskiya, dangi su ji wadda ta fi musu daɗi. Ki ba maigidanki haƙuri, laifina ne da na raba magana shafi uku.

Amma kin lura? Duk gidan mutum ɗaya ne ya gane wace bas nake nufi.

Jeremiah ya kasa riƙe bakinsa, ya rubuta wa masu tara faifan nan cewa wataƙila Mallam Late yana da rai a Kaduna. Yanzu ba sa barin sa barci. Wani kamfani da zai sake buga tsofaffin faifan yana son cikakken suna, a sa a kwali. In ta tabbata shi ne zan ba su, ba don ina ƙaunarsa ba. Wanda ya yi aiki a rubuta sunansa, ko da bai iya riƙon gida ba. Ki tambaye shi, ko da ka ne ya amsa.

Mu'awiya

*

Al Qusais
Yuli

Sabuwa,

Sallama. Shiru ya yi yawa. Masu cargo sun ce kaya ya isa tuntuni. In kunyar mota ce, ta wuce. In kuma wani abu ne ya faru, ki faɗa min kai tsaye, ba na son a yi min kwana-kwana. Kullum sai na duba waya a kan danja, har an fara yi min gargaɗi.

Mu'awiya

*

Tudun Wada
Yuli

Yaya Mu'awiya,

Wa alaikumus salam. Ka yi haƙuri. Yana da rai. Ciwon ne ya sake taɓa shi, muka kwanta asibiti, shekaranjiya aka sallame mu. Ya rame, abinci sai an lallaɓa. Abubakar Sadiq yana gaishe ka, ya ce ya yafe, amma ka sani har yaran layi yanzu Alhaji mai bas suke ce masa.

Na duba yatsun. Kantar ta tafi, amma kansu a baje yake, ba kamar na dama ba.

Da muka dawo gida muka buɗe kwalin, muka ɗora masa ita a cinya. Yaya, hannun nan da ya yi wata da watanni yana yawo a gefen katifa, kai tsaye ya kama wuyanta kamar jiya ya ajiye. Yatsun suna hawa suna sauka. Amma ba sauti, don hannun da zai kaɗa tsirkiyar shi ne ya mutu. Ya kalli hannun daman ya daɗe. Na kai nawa zan taɓa masa, ya ture ni da kafaɗa. Abubakar Sadiq ya gwada, shi ma haka.

Ana cikin haka Gwaggo Mero ta iso daga Zariya dubiya. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Au, kun samo masa abar tasa?"

Na ce, "Gwaggo, dama kin sani?"

Ta ce, "Wa bai sani ba a sa'o'inmu? Ɗan Malam Tanimu limamin unguwa ya zama makaɗi, a gidajen rawa, da wane baki za a faɗa? Aka ce yana aikin bas. Wa ya taɓa tambayar mu wace bas?"

Na ce to me ya sa aka danne masa suna a faifai? Ta ce ba wanda ya danne. Malam ne ya kira shi zaure ya ce ya zaɓa, ko abar nan ko gidan nan. Ya zaɓa. Da zai fita Malam ya ce abu ɗaya ya rage tsakaninsu, kada sunan Tanimu ya hau faifai. Wannan ɗayan ya riƙe. Innarka ta sani. Ta bi shi Legas sau ɗaya, ta dawo da kai a goye ta ce ba za ta yi reno a bayan gidan rawa ba.

Ga yadda na ji, ban ƙara ba ban rage ba. Na san ba zai yi maka daɗi ba, don ka fi son a ce wasu ne suka cuce shi.

Batun tambayar suna kuwa, ba zan yi ba. Ba sunana ba ne. Wanda ke ɗauke da shi a fasfo shi zai tambaya. Kuma na duba, Yaya, titin da ya taso daga Kano ya bi ta Zariya bai ƙare a nan ba.

Sabuwa

*

Al Qusais
Satumba

Ƙanwata Sabuwa,

Assalamu alaikum. Na sauka lafiya, na koma kujerata. Zafi ya fara sauƙi shwaiya, wato kaɗan-kaɗan, ciwon bayan kuwa yana nan yadda kika san shi. Ya jikin Baba? A gaida Alhaji mai bas, a ce masa na gode da rakiya. Yajin da kika ɗaure min 'yan ɗakinmu sun kusa cinye shi, wani ɗan Pakistan a cikinsu yana ci yana hawaye yana ƙarawa.

A tasha kin tambaye ni me ya faru a ɗakin bayan kin ja mana ƙofa, na ce ba komai. A baki ba zan iya ba. Ga shi a takarda.

Abin da ban faɗa miki ba, tun da takardarki ta zo nake zuwa Karama duk Lahadi. Jeremiah yana danna tsirkiya, ni ina kaɗawa da yatsu biyu. Ya ce hannuna kamar mai fasa dutse, amma dai na iya layin.

Da na shiga na yi sallama, ya dube ni. Ban san me zan ce ba, shi kuma ba ya iya cewa komai, sai muka yi daidai. Na ɗauko bas ɗin daga jikin bango na ɗora masa, na zauna ta damansa, wajen hannun da ya mutu. Na kai yatsuna kan tsirkiya ina jiran ya ture ni. Bai ture ba.

Ba wuta, ba sifika, sautin ba ya fita. Sai ya tura kan jitar ya jingina da katakon gadon. Sabuwa, gadon gaba ɗaya ya ɗauka. A cinyata nake jin sa, ba a kunne ba. Jeremiah da na ba shi labari ya riƙe kai, wai shekarunsa nawa yana kaɗawa ba wanda ya nuna masa wannan.

Muka fara. Dum, dudum. Kin san ni direba ne, rayuwata duk a kan lokaci take, in na makara a yanke min salary. Da na zo wurin shirun nan sai na faɗa da wuri. Ya tsaya. Muka sake, na sake faɗawa da wuri. Ya saki wuyan jitar ya kama min wuyan hannu, daidai inda yake dannawa ina yaro. Bakinsa ya yi ta kokawa. Na ɗauka bas zai ce. Sai ya ce:

"Jira."

Wallahi maganar ta zo min har baki. In ce masa ni kake ce wa jira? Ni da na tsufa a bakin tasha ina leƙen fuskar direbobi? Na haɗiye. Muka sake. Na zo wurin, hannuna yana so ya tafi, na riƙe shi, na riƙe shi har na ji kamar na yi latti, sannan na saki. Sai abin ya zauna. Ban san yadda zan kwatanta miki ba. Duk shekarun nan da nake yin sa da hanci, ashe ba daidai nake yi ba.

Daga nan na tambaye shi. Na ce akwai mutane a ƙasashen da bai taɓa zuwa ba da suke koyon hannunsa, suna son suna. A rubuta Iliyasu Tanimu? Ya girgiza kai da ƙarfi. Malam ya daɗe a ƙasa amma alkawarin yana nan. Na ce Iliyasu kaɗai? Ya girgiza. Na ce to a bar shi Mallam, khalas. Sai ya ɗaga yatsa ya nuna ƙirjinsa, ya zo ya dangwala a nawa. Ya sake, nasa, nawa. Na daɗe kafin in gane, da na gane kuma na so a ce ban gane ba. Na ce, "Baban Mu'awiya?" Ya rufe ido.

Kin ga ƙarfin hali. Bai san ajin da na tsaya a makaranta ba, bai san ranar aurena ba, yanzu sunana zai ara ya fita duniya da shi. Har na dawo nan ina juya abin. Na yi ta neman inda ƙarya take a cikin sunan don in ƙi, ban samu ba. A nan ma duk mai ɗa da sunan ɗansa ake kiran sa, ba a tambayar ko ya yi renon.

Jiya na ce wa Jeremiah ya aika musu. Ya ce Turawa za su ɗauka sunan wasa ne. Na ce su ɗauka, danginmu ma sun ɗauka mota ce.

Kada ki ce na yafe komai. Inna ta sha wahala, kiɗa ba zai goge wannan ba. Amma mutumin ya iya abinsa, na ji a cinyata, ba zan yi masa ƙarya ba.

Ki riƙa jingina masa kan jitar da gado, ko ba mai kaɗawa. In ya ture abinci ki ce ni na ce ya ci. Kamfanin sun ce faifan zai fito baɗi, hutuna ma sai baɗi, ni zan kawo masa da hannuna, kuma akwai sauran layukan da bai nuna min ba. Ki je kusa da kunnensa ki faɗa masa saƙona, kalma ɗaya ce, ya san ta. Ki ce Mu'awiya ya ce jira.

Yayanki,
Mu'awiya Iliyasu